Shin in nemi kasona a gonar mahaifinmu, ko in ci gaba da kawaici?

Uwar Khalifa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mahaifiyarmu da 'ya'ya maza biyu da mu mata uku, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa. An raba tufafi da dabbobi bayan sadakar arba'in, amma gida da gona suna hannun yayyenmu har yau. Duk kaka sukan aiko mini da buhun gero guda a motar kasuwa, suna kiransa ihsani. Da na taɓo maganar rabo, sai babban yayanmu ya ce idan aka ba mace gona, gidan mijinta aka ba. Inna kuma ta roƙe ni in yi shiru don kada a ce ta haifi mai raba zumunci. Mene ne haƙƙina, kuma ta ina zan fara?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i sun yanke wannan magana. Bayan biyan bashi da zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, za a kasa abin da ya rage kashi takwas: mahaifiyarku ta ɗauki ɗaya, wato tumunin takaba, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Shari'a ba ta cire gona daga cikin abin gado ba, don haka geron nan daga haƙƙinki ya fito.

Ɗan Gandu:
Gaskiya ne, Malam, sai dai gonar da ke ciyar da gida ɗaya idan aka yanyanka ta, babu wanda za ta ishe shi. Mafita ita ce a yi mata kima, yayyen su biya matan kasonsu da kuɗi, muddin matan sun yarda don kansu ba don an matsa musu ba.

Hajiya Babba:
Ƙanwata, na bi wannan hanya. Na yi kawaici shekara goma sha ɗaya har yayanmu ya rasu, 'ya'yansa suka tashi da sanin cewa gonar ubansu ce, dattawan da suka san iyakokinta kuma saura mutum ɗaya. Ki haɗa kai da 'yan'uwanki mata, ku fara da baffanku da limamin unguwa, domin Inna za ta fi sakin jiki idan maganar ta fito daga bakin manya. Idan sulhu ya ci tura, ku je wurin dagaci, sannan kotun shari'ar Musulunci. Duk abin da aka cim ma a rubuta shi, shaidu su sa hannu, ki riƙe kwafinki.