Wanda ya taɓa fama da roba-roban da aka yi wa ƙare-ƙare, ya faɗa mana yadda ta kaya

Mai Farin Roba-roba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi babur roba-roba na hannu, mai injin 150, irin wanda aka buga 157QMJ a jikinsa. Mai shi na farko mutum ne mai son kwalliya. Ya ɗaura masa ƙarin fitilu biyu masu farin haske a gaba, ya sa wurin cajin waya, ya sa oda irin ta mota, sannan ya cire tayar baya ta asali mai lamba 120/70-12 ya sa 130/70-12. Yanzu in babur ya kwana biyu ba a hau ba, sitata sai dai ta yi ƙas ta yi shiru, sai an bi ta kik. An canza batir, sabon ma ya bi sahun tsohon. Tayar kuma, in na ɗauki mutum muka faɗa rami, ina jin tana gogar wani abu a ƙasa. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, don Allah ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Riwaya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ƙara sayen batir sai ka auna. Irin baburinka kusan kullum sai an turo mini ɗaya, kuma yawancinsu batir bai yi laifin komai ba, yunwa ce ta kashe shi.

Samo mitar auna wuta ka juya ta wajen DC 20. Da safe, kafin ka taɓa makulli, ɗora ja a kan fositif, baƙi a kan negatif. Batir mai ƙoshin lafiya da ya cika zai nuna volt 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Ka kama birki ka danna sitata kana kallon mita: in lambar ta faɗo ƙasa da 9.5, batirin ya gaji. Sai ka ɗora babur a kan babban jak, ka tada shi, ka ɗan ja wuta. Abin da ake so a gani 13.5 zuwa 14.5. In bai tashi daga 12 da 'yan kai ba, caji ba ya shiga. In ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta daina tsare wuta, tana dafa batirin ne, har za ka ga cikinsa ya kumbura. Daga nan ka kunna waɗancan fitilun ka sake dubawa. Ka kawo mana lambobin.

Abin da masu ɗaura fitilu ba sa lissafawa shi ne, batirin da ake sa wa irin wannan babur, YTX7A-BS, amfiya 6 kacal yake ɗauka. Fitilu biyu masu wat 20 kowace, wat 40 ke nan. Raba da 12, ka samu amfiya 3 da ɗoriya. Kwayil ɗin da ke bayan fanka kuwa, wato mai samar da wuta in injin na aiki, an yi shi ne daidai fitilar gaba mai wat 35, da ta baya, da ɗan abin da zai maida wa batir. Ba a bar masa rara mai yawa ba, musamman in injin yana silo.

Mai Kai Saƙo:
Oga ya faɗi gaskiya, amma nawa ba fitila ba ce ta cinye shi. Wurin cajin waya ne. Yaron da ya haɗa mini ya ɗauko wutar kai tsaye daga kan batir, to ko an zare makulli ɗan shuɗin hasken nan yana nan a kunne cikin aljihun gaba, ba mai ganinsa da rana. Ranar da na gano, dare ne aka ɗauke wuta, na fito tsakar gida sai ga wani ɗan haske yana leƙowa ta gefen murfi. Aka mayar da wayar kan layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, magana ta ƙare.

Ga kuma yanayin aikina. Nan da can ne, a kashe a tayar, a kashe a tayar. Kowace dannawar sitata tana kwasar wuta mai yawa, tafiyar kuma ba ta kai ta biya bashin ba. Yanzu tayarwar farko da safe da kik nake yi.

Uwar 'Yan Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya same ni ya ɗan bambanta, amma gidansu ɗaya. Na sa an canza mini kwan fitilar gaba zuwa LED saboda ba na gani sosai da dare. Ina tsayawa a danja sai haske ya riƙa kyaftawa, in na ja wuta ya daidaita. Bai daɗe ba ya ƙone. Wani mai gyaran ya bayyana mini cewa fitilar gaba a irin namu ba daga batir take sha ba, daga kwayil take sha kai tsaye ta wata waya ruwan ɗorawa, kuma wutar AC ce. Shi ya sa fitilar ba ta kamawa sai injin ya tashi. Ya nemo kwan da aka rubuta AC/DC a kwalinsa, aka zauna lafiya.

Sigina ma da aka mayar LED sai ta daina kyaftawa, ta tsaya cak a kunne. Ashe ɗan akwatin da ke sa ta kyaftawa yana bukatar nauyin kwan asali mai wat 10. Sai da aka canza shi da wanda aka yi don LED.

Ɗalibin Lantarki:
Ina neman afuwar manya, zan ɗan sa baki a kan maganar mai kai saƙo, kada wani ya je ya yanke wayar da ba ita ba. Injin GY6, wato irin wannan mai 157QMJ, daga tsarin Honda ya samo asali, don haka yawancin baburan da ke ɗauke da shi launin Honda suke bi: ja daga batir, baƙa ita ce mai wuta bayan makulli, koriya ita ce negatif da ke ɗaure a jikin firam. A Yamaha kuwa baƙar ce negatif, ruwan ƙasa ce mai wuta bayan makulli. Na ga wanda ya saba da ɗaya ya je ya haɗa ɗayan da ka, fis ya tashi nan take. Kuma wasu masu ƙerawa ba sa bin kowane tsari. A gwada da mita kafin a fere waya.

Don gano mai satar wuta: a kashe makulli, a cire kan negatif, a sa mita a wajen amfiya tsakanin kan batir da wayar da aka cire. Kada a danna sitata a haka, mitar za ta ƙone. Sai a riƙa cire kayan ƙari ɗaya bayan ɗaya ana kallon lamba.

Mai Farin Roba-roba:
Allah ya saka da alheri. Na aro mita na gwada. Da safe 12.1. Da na tada na ja wuta, 13.9. Ina kunna fitilun nan biyu ya sauko 12.3, a silo ma har ƙasa da haka. Satar wuta kuma miliamfiya 25, ina cire wurin cajin waya ta koma kusan sifili. Wani abin da na tarar da na buɗe: a gidan fis babu fis, an naɗa siririyar waya an cusa.

Ɗan Riwaya:
To ka gani. Kwayil ɗinka da rektifaya lafiyarsu ƙalau, 13.9 ta wanke su. Ɓarayi biyu gare ka, ɗaya na rana ɗaya na dare. Miliamfiya 25 sau awa 24 ya ba ka amfiya 0.6 a yini, cikin kwana biyar rabin batir ya tafi babur yana tsaye. Batirin dalma kuwa in ya saba kwana a sauke, farantansa suna yin wani farin gishiri, ko an yi caji ba ya komawa yadda yake. Sabon naka wataƙila ya tsira in ka ba shi caji a hankali, da abin da bai wuce amfiya ɗaya ba. Kada a ɗora shi a kan cajar batirin mota.

Amma wannan wayar ta gidan fis ta fi komai tayar mini da hankali. Yau ɗin nan ka cire ta. An taɓa kawo mini wani da aka yi wa haka, wayar oda ta goge a wuyan babur ta taɓa ƙarfe. Da fis ne da ya tsinke an huta. Sai jar wayar ta yi zafi tun daga batir har makulli, robarta ta narke ta manne da sauran, muka buɗe muka tarar da dunƙule guda baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen roba, ga tiyon fetur a gefensa bai fi faɗin yatsa biyu ba. Duba littafin babur ko murfin gidan fis ka sa mai lambar da aka rubuta, yawanci 10 ne ko 15. Odar motar kuma a sa mata rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar, da nata fis ɗin, don ɗan maɓallin hannu ba a yi shi don wannan nauyin ba. In za ka taɓa batir, negatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Mai Tafiyar Dare:
Ni ban yarda a ce masa ya cire fitilu kawai ba. Wasunmu hanyar da muke bi babu fitilar titi, hasken asali kuma bai isa ba. Na canza kwayil daga mai ƙafa 8 zuwa mai ƙafa 11, wanda ke fito da wayoyi uku ruwan ɗorawa. Sai dai ba shi kaɗai ake canzawa ba. Da rektifayarsa yake tafiya, da kwanon maganaɗisun da ya dace da shi, sannan fitilar gaba ta koma shan wuta daga batir. Tun daga nan fitilu a kunne mita tana nuna sama da 13. Aiki ne na wanda ya san hannunsa, amma yana yi.

Ɗan Riwaya:
Yana yi, ban musa ba. Sai dai kafin ya kai can, ya gwada fitila ɗaya mai wat 10 da makunninta daban, ya ga ko ta ishe shi.

Mai Faci:
Kun cika mu da waya, an manta da taya, alhali ita ce mai kayar da mutum. Malam, lambar nan karanta ta ake yi. 120 faɗi ne a milimita, 70 tsayin gefe ne, kashi 70 cikin ɗari na faɗin, 12 kuma rim ne a inci. Gefen 120/70 milimita 84 ne, na 130/70 kuma 91. Ka ga tayar ba faɗi kawai ta ƙara ba, ta ƙara tsayi milimita 14 daga sama zuwa ƙasa. Gugar da kake ji ke nan. Haska tocila ka duba cikin madgad, da gefen shokazoba, da jikin salansa, za ka ga inda ya yi sheƙi. Na cire wata da kan ƙusar madgad ya yi mata layi zagaye guda, saura kaɗan zare ya fito.

Kuma faffaɗar taya a kan siririn rim matsewa take yi ta yi tsini a tsakiya, sai abin da ke taɓa ƙasa ya zo bai ƙaru ba. Mayar da ta asali. In kana yawan ɗaukar mutum, abin dubawa shi ne lambar da ke bin bayan girman: 51 na nufin kilo 195, 58 kilo 236. Harafin kuma gudu ne, J kilomita 100 a awa, L 120, P 150.

Uwar 'Yan Biyu:
Baba mai faci, ka ƙara masa da maganar shekaru. An taɓa sayar mini da taya a naɗe cikin leda, zanenta rangaɗau, amma da yayyafi ya sauka sai baya ya riƙa zamewa a kwana. Ƙanena ya duba gefenta ya nuna mini lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tawa ta daɗe a ajiye har robar ta bushe, ko farce ba ya shiga. Tun daga ranar ba a ɗaura mini taya sai na karanta da kaina.

Tsohon Mai Besfa:
'Ya'yana, ku kuna cikin sauƙi. Tawa tsohuwar Vespa ce mai 3.50-10, rim ɗinta gida biyu ne da ake haɗawa da notuna, dole sai da tib. In ƙusa ta shiga, iska fita take yi gaba ɗaya, babur ya hau rawa da kai. Ku masu tubles ƙusa tana iya kwana a ciki kuna tafiya. Abin da zan ce kawai, a auna iska da geji taya tana sanyi, a daina matsawa da yatsa. Ƙaramar taya ko ta rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta, ido ba ya gani. Lambar iska da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wadda za ka bi tana kan takardar da aka liƙa a jikin babur, galibi ƙarƙashin kujera ko wajen ajiye ƙafa, kuma ta baya tana ƙaruwa in akwai fasinja.

Mai Kai Saƙo:
Baba, tubles ɗin ma tana da nata. Tawa ta yi ta sacewa, an tsoma ta a ruwa ba a ga kumfa ba. Sai da mai facin ya lanƙwasa bawul gefe da yatsa, kumfa ta taso daga gindinsa. Robar ce ta tsage. Yanzu duk canjin taya da sabon bawul nake haɗawa.

Mai Faci:
Haka ne, kuma bawul mai lanƙwasa ya fi yin wannan, saboda ana danna shi gefe wajen ba da iska. Malam mai farin babur, in ka je canjin, tayar baya ba ta fita sai an sauke salansa, don haka ka tafi da sabon gasket na bakinta, tsohon ba kasafai yake sake kamawa ba. Ka tsaya a kansu su duba kibiyar da ke gefen taya ta fuskanci inda wili ke juyawa. Babban notin tsakiya a ɗaure shi sosai. In ka hau, ka bi kwana a hankali a kilomita ɗarin farko, sabuwar taya tana da santsi. Tsohuwar 130 ɗin kuma ka duba layin da gugar ta yi mata kafin ka ba wani, in ya kai zare a yanka ta kawai.