Neman kalma: me za mu kira "guidebook" da Hausa?

Mai Shirin Kasuwa: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan naɗi shirin rediyo kan 'yan kasuwarmu masu haramar zuwa baje kolin Canton a birnin Guangzhou (Gwanzu) na ƙasar Sin, wanda ake buɗewa 15 ga Oktoba. Akwai sashen da zan yi bayanin littafin nan da ake kira "guidebook" da Turanci, mai ɗauke da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, unguwanni, masaukai, gidajen abinci, da sunan kowane wuri cikin rubutun Sinanci. Ba na son sa Turancin a shirin. Me zan ce?

Bakatsine: Littafin jagora.

Malamar Hausa: Jagoran wa? Takardar da ke zuwa cikin kwalin injin ɗinki ma jagora ake ce mata. A ƙara "matafiya" dai.

Ɗan Kwari: Hajiya, kafin a raɗa masa suna a tambaya ko yana da amfani. Mu da muke zuwa Gwanzu ba littafi muke riƙewa ba. Ejan ne ke tarbarka daga filin jirgin Baiyun, ya kai ka unguwar Xiaobei, ya nuna maka kasuwa. Littafin da aka buga shekara uku baya, shagon da ya ambata ya tashi.

Alhajin Maraɗi: A'a Alhaji, ejan inda yake da la'ada nan zai kai ka. Ga shi Google da WhatsApp da Facebook duk a toshe suke a can, wayar da ka dogara da ita sai ta zama hoto idan ba ka shirya tun daga gida ba. Direban tasi ba ya jin Turanci, amma ka buɗe shafi ka ɗora yatsa kan rubutunsu, zai kai ka. A littafin na gane layin jirgi na 5 ke bi ta Xiaobei, na 8 kuma ke kai mutum Pazhou wurin baje kolin. A nan na koyi haruffa biyun da ake sa wa a allon gidan abincin halal, abin da ba wasa ba ne a garin da naman alade da kitsensa ke shiga girki sosai. Har masallacin Huaisheng na je da shi. Shago yana tashi, amma tashar jirgi da masallaci suna nan.

Almajirin Tarihi: To abin da Alhaji ya siffanta ai madugu ne. Ni "madugun aljihu" nake ba da shawara. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, madugu ne ya san zango, ya san mashigin kogi, ya san inda ake biyan fito. Kalmar tamu ce tsantsa, babu aro a cikinta.

Malamar Hausa: Tana da daɗin ji, Malam, amma madugu shugaba ne, yana yanke hukunci yana sasantawa da sarakunan hanya. Mai shiga gaba ya nuna hanya a ayari jagaba ne. Kuma mai sauraro a Dawanau in ya ji "madugun aljihu" zai zaci mai riƙe kuɗin tafiya ake nufi.

Almajirin Tarihi: Sau biyu za a faɗa ya zauna a kunne. Matsalarmu ke nan, ba ma yarda da ƙirƙira. Shi "littafi" ɗin da kuke so ai daga Larabci yake, "taswira" ma haka.

Bakatsine: "Aljihu" fa? Daga Larabci ita ma.

Na Damagaram: Ni abin da ke damuna daban ne. Kullum sai a yanke kalma a Kano a ce mu bi. Mu nan wanda ya yi lakwal, wato boko, "gid" yake cewa, daga Faransanci, kuma ba wanda ya tambaye mu. Alhazan Maraɗi da Damagaram ma suna cika jirgin Addis Ababa zuwa Gwanzu.

Ɗan Kwari: Ranka ya daɗe, ba Kano ce ta ce a bi ta ba, kasuwa ce ta jawo.

Na Damagaram: Irin wannan maganar ce dai nake nufi.

'Yar Zango: Daga Kumasi nake bin ku. Mu a nan rabin maganarmu aro ce kuma ba mu daina zama Hausawa ba. Ku taimaki baiwar Allah, Alhamis ta kusa.

Malamar Hausa: Mu koma kan aikin littafin. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, jagora kuwa asalinsa mai jan gora ne, wanda ke riƙe wa makaho sanda. Birni mai mutum sama da miliyan 18, ba ka iya karanta ko allon titi, wannan shi ne makantar baƙo. Don haka na fi son "jagoran baƙo" a kan "jagoran matafiya", domin ba hanyar zuwa yake koya maka ba, zaman garin yake koya maka: cewa a waya ake biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat, cewa wanda bai sauka a otal ba sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24.

Bakatsine: Jagoran ko jagorar?

Malamar Hausa: Littafi namiji ne, jagoran.

Alhajin Maraɗi: Ya yi mini. Mutanenmu sun saba da jagoran alhazai, ba za su sha wahalar ganewa ba.

Almajirin Tarihi: Ban gamsu ba. "Jagoran baƙo" zai iya zama mutum, ejan ɗin Alhaji ma jagoran baƙo ne. Tawa ba ta da wannan ruɗani.

Mai Shirin Kasuwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda zan yi: farkon ambato in ce "littafin jagoran baƙo", daga nan in riƙa cewa "jagoran". Malam, zan faɗi "madugun aljihu" sau ɗaya in nemi ra'ayin masu sauraro. Alhaji na Maraɗi, ko za ka yarda mu yi hira ta waya ranar Laraba kan batun abincin halal?

Alhajin Maraɗi: Bayan La'asar, in sha Allah.

Na Damagaram: A dai faɗa a shirin cewa a Nijar wasu "gid" suke cewa.

Almajirin Tarihi: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma to. Ni dai a rubutuna madugun aljihu zan ci gaba da sawa.