Masu amfani da mazarƙwaila, ya kuke yi da ita?

Uwargida daga Bunkure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da sukari ya yi tsada na koma sayen mazarƙwaila saboda kokon yara. Don Allah ku faɗa mana yadda kuke sarrafa ta, musamman a shayi, don maigida ya ce ta canja masa ɗanɗano.

Daga Kura: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu nan a gabanmu ake dafa ta. Ana matse rake a inji, a juye ruwan a babban kasko, a yi ta iza wuta da busasshiyar tuƙar raken ana kwashe kumfa. In ya yi kauri sai a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. A fili ake aikin, shi ya sa wani sa'in za ki tauna yashi. Ni narkar da ita nake a ruwan zafi, in tace da rariya mai laushi kafin ta shiga komai. In za ki saya ki ɓalli kaɗan ki lasa. Wadda ta yi baƙi ƙirin wuta ce ta ci ta, ɗaci za ki ji.

Daga Ringim: Maigidanki yana da gaskiya, Yaya. A shayi mai madara ƙamshinta yana danne komai. Amma ki dafa masa da citta da kanumfari ba madara, ki ga ko zai bar kofin. A kunun tsamiya da zoɓo kuwa ni yanzu ban yarda da farin sukari ba. Kunun gyaɗa ne kaɗai take ɓata wa launi.

Inna daga wajen Haɗeja: 'Ya'yan nan, da ita muka tashi muna kantun riɗi. A soya riɗi sama-sama, a narka ta har ta fara danƙo a cokali, a juya, a shanya a faranti a yanka tun da ɗumi. Gumba ma da ita muke dakawa.

Ma'aikaciyar jinya daga Gaya: Allah ya ƙara lafiya Inna. Roƙona ɗaya: ina yawan ganin masu ciwon suga suna shanta wai ita ta gargajiya ce. Ruwan rake ce, tana ɗaga suga kamar farin. Don Allah a gaya wa iyayenmu.

Daga Kura: Na manta, Hajiya, da damina tana jan raɓa ta yi laushi, ga kiyashi. Ki ajiye ta a roba mai murfi, kuma kar ki sayi mai yawa a lokacin.