Maigidana dattijo ne a coci, amma a gida ni ke jan addu'a

Maman Yara, Zuru:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. Maigidana dattijo ne a ikilisiyarmu, yana cikin masu ƙirga baiko ran Lahadi, wani lokaci ma shi ke karanta nassi a gaban jama'a. Mutumin kirki ne, ba ya shan burkutu, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma sujadar safe a gida, daga ni sai yara. Kafin in ɗaga waƙa ya riga ya saɓa fartanya ya fice. Babban ɗanmu mai shekara 14 ya fara noƙewa. Jiya na tashe shi, sai ya ce, "Mama, ai addu'ar safe ta mata ce, Baba ma ba ya yi." Maganar ta tsaya mini a rai. Yaya zan gaya wa uban ba tare da ya ga kamar na raina shi ba?

Tsohon Soja, Dabai:
'Yata, yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. A ƙasarmu ba da baki ake koya wa yaro noma ba, bayan ubansa yake bi, kunya bayan kunya, har ya isa yin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura. Addu'a ma haka take. Ki buɗe 1 Sama'ila sura 2 da 3. Eli firist ne a Shilo, jama'a na ganin girmansa, amma Hofni da Finehas a gabansa suka lalace, Allah kuwa ya kama shi da laifin ya sani bai hana su ba. Ayuba fa? Da sassafe yake tashi ya miƙa hadaya saboda kowane ɗansa. Ki bari mutumin ya ci tuwo ya natsu, yara ba sa wurin, ki faɗa masa maganar yaron yadda ta fito. Kada ki ƙara gishiri, kada ki yi masa wa'azi.

Malamar Makarantar Lahadi, Birnin Kebbi:
Baba, gaskiya ne, amma kada ta ɗauka wahalarta banza ce. Uban Timoti Bahelene ne, bangaskiyar da Bulus ya yaba a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta fara zama. Duk da haka Afisawa 6:4 ubanni ta kira, ba Zumuntar Mata ba. Yaya, wani abin da na lura: akwai mazan da za su yi addu'a gaban mutum ɗari, amma gaban matarsu nauyi suke ji. Ki fara ba shi kaɗan, ya sa albarka a abinci ko ya karanta aya ɗaya.

Ɗan Ribah:
Mama, babana ko harafi bai iya karantawa ba. Amma in mun isa gona sai ya tuɓe hula ya yi addu'a da yarenmu na C'lela kafin a sa fartanya a ƙasa, ko da hadari ya haɗo. Mu kuma mu tsaya shiru, ba wanda ya ce mu yi. Yanzu damina ce, asuba lokacin gona ne. Me zai hana ku mai da sujadar bayan tuwon dare?

Maman Yara, Zuru:
Da dare kam yana gida, sai dai rediyon nan nasa. Na gode. Zan bari a gama labarai tukuna in miƙa masa Littafin.