Shin sai an sake malami kafin a koma tuƙin jirgi mai ƙarfin inji?

Sabon Matuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar tuƙin jirgin sama ce. Na sami lasisina a kan Cessna 172, yanzu kuma ina shirin komawa jirgi mai ƙarfin inji, ko dai Cessna 182 ko Cirrus SR22. Malamin da ya koya mini tun farko matashi ne mai himma, mun saba da juna, kuma yana da izinin sa mini hannun shaidar cewa na cancanci tuƙa su, sai dai shi kansa bai daɗe da fara tuƙa irin waɗannan jirage ba. Wasu suna ba ni shawarar in nemi gogaggen malami wanda ya ƙware a kan jirgin, ko da samunsa zai yi wuya. Shin bambancin ya kai a ce sai an sake malami?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da doka ta nema kaɗan ne, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa. A tsarin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, duk jirgin da injinsa ya wuce ƙarfin doki 200 ana lissafa shi cikin masu ƙarfin inji, kuma abin da ake buƙata kawai shi ne horo a ƙasa da a sama, sannan malami ya sa hannu sau ɗaya a littafin da kake rubuta sa'o'in tashinka. Ba a ƙayyade yawan sa'o'in ba, babu kuma jarrabawa a gaban mai gwaji. Ke nan nauyin duka yana kan idon malamin da ke zaune a damarka.

Injin 172 ƙarfin doki 160 ne ko 180, na 182 kuwa 230, na SR22 kuma 310. Da zarar ka tura totur a kan titin tashi, za ka ji hancin jirgin yana fizga zuwa hagu fiye da yadda ka saba, saboda ƙarfin juyawar farfela, kuma dole ƙafarka ta dama ta danna feda da gaske. Wannan kowane malami zai faɗa maka. Abin da gogagge ya fi sani shi ne inda ɗalibai suka saba yin kuskure, ya kuma hango shi tun kafin ya auku. Ɗauki 182: hancinsa yana da nauyi, kuma wanda ya saba da 172 yakan kasa ja da sitiyari baya yadda ya kamata a lokacin sauka, sai tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, wani lokaci har bangon da ke bayan inji ya lanƙwashe. Malamin da ya sha ganin haka, hannunsa yana kusa da sitiyari tun kafin ɗalibi ya gane cewa ya makara.

Sai kuma kula da inji. A 182 akwai sandar daidaita gudun juyawar farfela daban, akwai ƙofofin sanyaya inji da ake buɗewa a hawa a rufe a sauka, akwai kuma tsarin da ake bi: idan za a ƙara wuta a fara da farfela kafin totur, idan za a rage a fara da totur. Ni dai shawarata ka nemi gogagge.

Mai Duba Inji ya amsa:

Na yarda da yawancin bayanin yayanmu, amma ina so a yi hattara da kalmar gogagge, domin yawan sa'o'i daban, sanin jirgi daban. Kyaftin da ya shekara da shekaru yana tuƙa Boeing zai iya zama baƙo a cikin SR22, jirgin da ake tuƙawa da sandar gefe, wanda kuma yake da laimar da ke saukar da jirgin dungurungum idan al'amari ya ɓaci. Koyar da lokacin da ya kamata a ja wannan laima, da kuma cire wa matuƙi nauyin hannun ja, darasi ne mai zaman kansa, shi ya sa kamfanin Cirrus yake da tsarin tantance malamansa na musamman. Masu Beechcraft Bonanza ma ƙungiyarsu tana da nata shirin horo.

Tarihin Mitsubishi MU-2 ya isa misali. Jirgi ne mai gudu wanda haɗurransa suka yi yawa, har a shekarar 2008 FAA ta wajabta horo na musamman a kansa ga matuƙa da malamai baki ɗaya, kuma haɗurran suka ragu ƙwarai ba tare da an sauya ƙirar jirgin ba. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane malami, tsoho ko matashi, ita ce yaushe rabonsa da tuƙa wannan samfurin, kuma mutum nawa ya horar a kansa. Kamfanin inshora ma abin da zai tambaya ke nan kafin ya amince da shi.

Malama Mai Koyarwa ta amsa:

Akwai abin da ba a taɓo sosai ba, wato gudu. Jirgin 172 yana cin kimanin kilomita 220 a awa, SR22 kuwa kimanin 330, don haka aikin da ka saba gamawa cikin minti uku yanzu minti biyu kake da shi. Ɗalibaina da suka fito daga ƙaramin jirgi kusan dukkansu sukan iso filin sauka suna sama da yawa, suna kuma gudu da yawa, domin ba su fara lissafin gangarowa tun daga nesa ba. Gyaran wannan ba ya samuwa a zagayen fili. Sai an yi doguwar tafiya, an shiga sararin da ke da cunkoso, an sauya shiri a tsakiyar hanya.

Jirgi mai gudu kuma yana kai mutum yanayin da bai shirya masa ba. A watan Yulin 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku da dare kusa da tsibirin Martha's Vineyard a cikin Piper Saratoga mai ƙarfin doki 300, kuma binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna cewa ya rasa sanin sama da ƙasa ne a cikin hazo, ga shi ba shi da shaidar tuƙi da na'urori kaɗai. Malamin da nake ganin ya cancanta shi ne wanda zai iya ce maka yau ba za ka tashi ba, ya kuma ƙi sa hannu har sai ya gamsu, ko da ranka zai ɓaci. Sabo da juna yakan sa wannan ya yi wa malami nauyi.

Sabon Matuƙi ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan na nemi wani, ba zai zama cin fuska ga malamina na farko ba?

Malama Mai Koyarwa ta amsa:

Ba zai zama ba idan ka faɗa masa dalilinka kai tsaye. Ka ci gaba da yin darussan tuƙi da na'urori tare da shi, sannan ka roƙi sabon malamin ya bar shi ya zauna a kujerar baya yayin horonka idan nauyin jirgin ya ba da dama, domin shi ma yana buƙatar ganin yadda ake koyar da wannan samfurin.