Ƙafata na ɗaurewa a kilomita 18, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gudu. Ina shirin gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42, a Fabrairu, amma wata 2 ke nan na kasa wuce kilomita 18. Da na kai nan sai sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau, numfashi kuwa lafiya lau. Ranar Asabar a bakin kwalbati na zauna ina matsa ta, har mai shayi ya ce in tari adaidaita sahu.

Bayan asuba nake fita, cikin hunturun Kano, da dabino da ruwan gishiri da sukari. Na sauya takalmi, a banza. Sauri ne ya yi yawa, ko ƙafar ce ba ta yi ƙwari ba? Don Allah a taimaka.