Bayan tiyatar rage tumbi: abin da matan Maradi suka tattauna

A zaman da aka yi kan masu ramewa bayan an rage musu tumbi, wato tiyatar rage girman jakar abinci da ke cikin ciki don rage ƙiba, an fi daɗewa kan abinci. Makonnin farko romo ne da kunu marar kauri, tuwo sai daga baya, loma kaɗan, a tauna sosai. A fara da ƙwai, kifi ko wake kafin hatsi. Fura mai sukari da shayi mai zaƙi kan kawo jiri da gudawa. Ruwa kuwa, da zafin Maradi, a riƙa kurɓa duk yini, amma a bar minti 30 bayan cin abinci.

Bitamin B12 da maganin ƙarin jini ba a daina su. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumi, a tambayi likita tukuna.